Daga Magajiya Zuwa Dagona: Bashin Da Tsuntsaye Ke Bi Na

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, sa'ad da nake yaro a unguwar Magajiya ta Suleja ba ni da wani aiki da ya wuce harbin tsuntsu. Da an tashe mu daga makarantar allo sai mu rataya danƙo mu gangara bakin kogin Iku. Tsada da kurciya da kanari, babu wanda muka ƙyale. Shamuwa kaɗai ta tsira daga hannunmu, domin Kaka, Allah ya jiƙanta, ta ce mana baƙuwar damina ce, wanda ya jefe ta ba zai ga da kyau ba. Yau gine-gine sun cinye wuraren nan, tun da ma'aikatan Abuja suka kwararo garinmu neman masauki. Rannan ɗana ya ce mini, "Baba, wai mece ce shamuwa?" Na waiga ko'ina, ban sami ko ɗaya da zan nuna masa ba.

To, a hunturun da ya wuce aiki ya kai ni Gashuwa ta Jihar Yobe, na ce lallai sai na leƙa Dagona, watau tafkin nan da aka keɓe domin tsuntsayen ruwa a ƙasar Bade. Wurin yana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, kuma yanki ne na gandun dajin gwamnatin tarayya na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarce shi a 1989. Da asuba mai yi mini jagora ya miƙo mini tabarau mai hangen nesa, ya ce, "Malam, yi shiru ka duba." Jama'a, na ga ikon Allah! Ga kirinjijiya, ga ɗinya, ga zalɓe, ga kuma waɗansu agwagi da suka tsallako Sahara tun daga Turai saboda gudun sanyi. Gauraka ne kawai na yi ta nema ban gani ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijo mai su da noma. Ya ce, "Ɗana, ku kuna zuwa kallon tsuntsu, mu kuwa tsuntsu ke cinye mana shinkafa." Gaskiyarsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sa'an nan ta Challawa a 1992, ruwa ya bar zuwa yadda ya saba. Dā ambaliya kan malale fadama da damina, ta janye da rani. Yanzu kuwa waɗansu magudanan ba su bushewa, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Nan ruwa ya yi yawa, can ya gagara isa. A cikin kacalar kuma jan-baki ke kwana, da gari ya waye ya faɗa gonaki.

Saboda haka gyaran mazaunin tsuntsu a can ba aikin ofis ba ne. Aikin gayya ne na maza cikin ruwa iya ƙirji, da lauje da adda, suna sarar kacala don ruwa ya wuce. Duk inda aka buɗe magudana kifi ya dawo, makiyaya su sami burtali mai ciyawa, agwagi su sauka. A nawa ganin, nan ne masu kula da irin waɗannan wurare ya kamata su sa ƙarfinsu. Baƙo kuma kada a bar shi ya yi hoto ya tafi. Ɗan gari ya tuƙa shi a kwalekwale, ya gaya masa sunan kowane tsuntsu da Badanci da Hausa, a biya shi ladansa a hannu. Mutumin da ɗinya ke kawo wa kuɗin cefane ba zai ɗana mata tarko ba. Haka kuma 'yan makaranta, a riƙa kai su tun suna shekarun riƙon danƙo.

Da na komo gida na dasa tsamiya a bayan ɗakin Kaka, na ɗora wa ɗana aikin ba ta ruwa. Na kuma yi masa alkawarin zuwa Dagona da hunturu mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ya tambaye ni ko a can zai ga shamuwa. Na ce a'a, ita sai damina ta faɗi.