Ciwon da Awon Jini Ba Ya Nunawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin wata cuta wadda nake fama da ita shekara 6 ke nan, gama na ga ana zaluntar masu ita a ƙasar Kabo da Gwarzo, tun ba mata ba, da yake su ta fi kamawa. Wasu su ce sanyi ne, wasu sammu, wasu kuwa su ce ragwanci ne kurum.

Likitoci suna kiranta faibromayaljiya. Alamunta su ne ciwo ko'ina a jiki har ya wuce wata 3, da gajiya, da barcin da ba ya wartsakar da mutum, da yawan mantuwa. In an auna jini, ko an ɗauki hoton ƙashi, ba a ganin kome, domin gaɓoɓin lafiya lau suke. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi ga ƙwaƙwalwa su ne ke ƙara gishiri. A shekarar 1990 likitocin Amurka suka sa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi to ita ce. A 2010 suka bar wannan, suka koma bin alamu.

Kwanciya tana ƙara ta, wuce gona da iri kuma yana tayar da ita. Wanda ya ji sauƙi ya yini yana noma, sai ya kwana uku bai tashi ba. Saboda haka a 2017 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta sa motsa jiki gaba da dukan magunguna.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano mutum uku suka taru a kaina. Likita ya ba ni 'yar ƙwaya ta dare don barci ya gyaru. Mai gashin ƙashi ya sa ni tafiyar minti 5 bayan asuba, in riƙa ƙarawa kaɗan kowane mako, ga shi yau ina yin rabin sa'a. Likitan ƙwaƙwalwa kuma ya nuna mini yadda damuwa take hura wutar ciwo. A gida nakan raba aiki kashi-kashi, in huta tun ban gaji ba, da hunturu in yi wanka da ruwan ɗumi. Ban warke sarai ba, amma ban bar aikina ba.

To, jama'a, ku daina ɓarnar kuɗi wajen allurai barkatai a kemis. Maigida, in matarka ta yi wannan kuka, kai ta asibitin Gwarzo, in ya cancanta su tura ta Kano, ka kuma rage mata daka da ɗiban ruwa. Malamai, ku isar da wannan ga wanda bai iya karatu ba.

Haza wassalam.

Wani Malamin Makaranta,
Gammo.