Gardamar da Muka Sha Kan Faifan Blind Guardian

A shekarar 1998 ina ɗalibi a yammacin Jamus, ba nisa da Krefeld, garin da ƙungiyar mawaƙa ta Blind Guardian ta fito. A watan Afrilun shekarar suka saki faifansu mai suna Nightfall in Middle-Earth, kuma har sanyi ya sake zagayowa ba a daina gardama a kansa ba a kicin ɗin gidan kwananmu na ɗalibai.

Ban taso da irin wannan kiɗa ba. Salon da ake kira power metal kiɗa ne mai gudu: jita biyu suna tsere, makaɗin ganga yana aiki da hannu da ƙafa, mawaƙi yana ɗaga murya iya ƙarfinsa, sannan amshi ya zo wanda taron dubbai za su iya rerawa tare. A lokacin kasuwar irin wannan kiɗa ta ja baya a Amurka, inda ake yayin su Korn, amma a Turai tana farfaɗowa, domin HammerFall na Suwidin da Rhapsody na Italiya duk sun fitar da faifansu na farko a 1997.

Abin da ya bambanta wannan faifai shi ne tushensa. 'Yan ƙungiyar, Hansi Kürsch da abokansa, André Olbrich da Marcus Siepen da Thomen Stauch, sun ɗauko labarinsu daga The Silmarillion na J.R.R. Tolkien, littafin da ɗansa Christopher ya tattara ya wallafa a 1977, shekara huɗu bayan rasuwar uban. Labari ne na Fëanor, wanda ya ƙera duwatsu uku masu haske, wani mugu mai suna Morgoth ya sace su, Fëanor kuma ya yi rantsuwar da ta jefa zuriyarsa cikin yaƙi da halaka. Faifan na da kashi 22, kusan rabinsu gajerun maganganu ne da sautuka da aka sa tsakanin waƙoƙi. Ko buɗewarsa ma zance ne tsakanin Morgoth da mabiyinsa Sauron ana cikin ƙarar makamai, a ƙarshen yaƙi, kafin a koma farkon labari.

Wani maƙwabcin ɗakina, ɗalibin injiniya mai dogon gashi, shi ke kawo mujallun Rock Hard da Metal Hammer ya baje a teburin cin abinci, gefensu duk ya sha maiƙo da ɗigon kofi. Yabo ya fi yawa a sharhin da ake yi wa faifan. Ana jinjina wa yadda aka jera muryar Kürsch hawa-hawa har ta zama ta tawaga guda, dabarar da kowa ke dangantawa da ƙungiyar Queen. Kasuwa ma ta karɓe shi: ya shiga goman farko a jadawalin ciniki na Jamus, kuma a 1999 kamfanin Century Media ya fitar da shi a Amurka, karon farko da faifansu ya samu wannan hanya.

Suka iri biyu na riƙa ji. Tsofaffin masoya suna cewa an yi wa kiɗan ado har zafin faifan baya ya ragu. Wasu kuma maganganun tsakanin waƙoƙi ne suka tsaya musu a rai: da zarar jini ya fara ɗumi sai a katse kiɗa, wani ya hau jawabi kan sunayen da wanda bai karanta littafin ba ba zai gane ba. Maƙwabcina yana cikin waɗannan. Ya ma kwafe waƙoƙin kaɗai a kaset don motarsa, ya zubar da zancen.

Ni kuwa wannan wurin ne ya ja ni. Wanda aka yi wa tatsuniya da dare yana yaro ya san mai ba da labari yakan tsaya ya rera waƙa, sannan ya ci gaba da zance, ba a ganin ɗaya ya tare wa ɗaya hanya. Da wannan kunne na saurari faifan. Sai na ari littafin daga ɗakin karatu, na sha wahalarsa, domin sunaye ne bisa sunaye, ina karatu yatsana na kan jadawalin nasaba da ke bayan littafin. Da na kai inda wani jarumi mai suna Fingolfin ya hau doki shi kaɗai zuwa ƙofar Morgoth, ya yi masa rauni bakwai kafin ya faɗi, na koma na sa waƙar faifan mai suna Time Stands Still, sai na ji gudun jitar ya samu dalili.

Na fahimci cewa abu biyu daban ake aunawa. Mai neman tarin waƙoƙi yana da hujjar jin haushin katsewar, mai bin labari kuma yana ganin ba za a cire ta ba sai an yi ɓarna. Akwai kuma raini a ƙarƙashin wata sukar, domin a wancan zamani ana kallon labarin takubba da dodanni a matsayin shirmen samari marasa abin yi. Fina-finan Peter Jackson da suka fara fita a 2001 sun rage wannan raini ƙwarai, ko da yake daga The Lord of the Rings aka ɗauko su.

Yanzu idan ana lissafa manyan faifan power metal da wuya a tsallake wannan, kuma waƙar Mirror Mirror da ke cikinsa ta daɗe tana rufe wasannin ƙungiyar. A dandali dai waƙoƙin ne suka rayu, wanda ke nuna masu suka ba su yi ƙarya ba. Sai dai waƙoƙin da suka rayu ɗin labarin ne ya ba su nauyi, kuma maganganun da ake tsallakewa su ne suka tura irina zuwa ga littafin.