Cin farce: labarina da na ɗan yayata

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kunya tana hana ni, amma abin da ya faru a gidanmu kwanakin baya ya sa na ce gara in faɗa, ko wani zai amfana.

Shekarata 28, ina digiri na biyu a nan Ibadan, kuma har yau ina fama da cin farce. Ba ɗan gutsure na wasa ba, ci nake yi har nama ya bayyana, wani lokaci har jini. Waɗanda muke haɗuwa a masallacin makaranta ko wurin cin tuwo a Sabo, in kun lura kullum hannuna yana aljihu, kuma ni ne mai neman cokali ko da kowa hannu ya sa. Kuna tsokanata wai boko ya ratsa ni. Wallahi ba boko ba ne, yatsuna nake ɓoyewa. Kuma miya mai yaji in ta shiga inda na ɓare, Allah kaɗai ya san abin da nake ji.

Ranar da na gabatar da seminata ta farko, na kwana ina gyaran takardu, ban san na cinye gefen babban yatsana ba. Da safe na raba wa malamai kwafi. Bayan an tashi, wata dattijuwar malama ta kira ni gefe, ta buɗe shafi na 14 na kwafin da na ba ta, ga ɗigon jini ya bushe a kai. Ba ta yi faɗa ba. Hannuna kawai ta kalla ta ce, "Ɗana, me yatsun nan suka yi maka?" Da ƙasa za ta tsage ranar, da na shige.

Ina aji uku a firamare na fara. Babu abin da Umma ba ta gwada ba, Allah ya saka mata da alheri, iya saninta ta yi. An shafa mini barkono, na manta na murza ido, na wuni ina ihu. An shafa maɗaci, na saba da ɗacin. A Islamiyya ranar duba farce sai da na sha bulala saboda nawa ya yi gajarta da muni, alhali sauran yara saboda tsawo ake dukan su. Kakarmu kuwa cewa take yi cin farce yana jawo tsiya, duk wanda ya gan ni ya buge hannun. Abin da na koya daga wannan duka guda ɗaya ne: in daina yi a gaban mutane. Sai na koma yi a banɗaki da cikin bargo. Mutanen gida suka ɗauka na warke.

To ana nan, sai Yaya ta kira ni wani dare. Ɗanta na fari, shekararsa 9, ya kama cin farce tun da aka canza masa makaranta. Yatsa ɗaya ya kumbura ya yi ruwa, ba ya iya riƙe fensir. Babansa ya buge hannun har ya gaji, ita kuma ta sa barkono kamar yadda ta ga an yi mini. Sai ta ce, "Kai da ka yi fama da abin nan kana yaro, me ya raba ka da shi? Faɗa mini in yi masa."

Na dubi hannuna, a lokacin ma yatsa ɗaya yana bakina. Na ce mata sabis ba kyau, zan kira ta gobe. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaro zai bi hanyar da na bi tiryan-tiryan, kuma ni aka kawo wa ƙara a matsayin wanda ya tsira.

A hostal ɗinmu akwai wani Bayarabe maƙwabcina da yake karantar ilimin halayyar ɗan Adam. Washegari na cire kunya na nuna masa hannuna. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce tun zuwana ya lura. Abin da ya faɗa mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ne nake so in raba da ku.

Na farko, abin yana da suna a likitance, onychophagia, kuma ya yaɗu fiye da yadda muke zato. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na mutane suna yi. Ba kasafai ake ganin sa kafin shekara 3 ko 4 ba, yana ƙaruwa a shekarun firamare, ya fi yawa wajen lokacin balaga, sannan da yawa su bari da kansu in sun girma. Wasu kuma irina su taho da shi har jami'a. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke amfani da shi wajen tantance matsaloli, DSM-5 na 2013, ya ambace shi cikin ɗabi'un da mutum yake maimaitawa a jikinsa, dangin tsigar gashi da ɓantarar fata. Amma ba duk mai cin farce ne mara lafiya ba. Sai in abin yana yi masa lahani, ya yi ta ƙoƙarin bari ya kasa, kuma yana damun rayuwarsa.

Na biyu, yawanci mai yi bai san yana yi ba. Wannan shi ne abin da iyayenmu ba su gane ba. Suna ganin taurin kai ne, alhali hannun yana kaiwa baki kafin hankali ya farga. Kuma ba fargaba kaɗai ke jawo shi ba. Zaman shiru ba abin yi yana kawo shi, haka ma fama da aiki mai wuya da ya ƙi warwaruwa, kamar lissafi. Wani yaron ma gani ya yi a wurin wani a gida ya ɗauka. Idan aka buge yaro ko aka yi masa dariya gaban ƙannensa, an ƙara masa damuwa ke nan, ita kuwa damuwar a baki yake sauke ta. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na uku, yana da illa ta gaske, ba muni kaɗai ba. Ƙwayoyin cuta suna shiga gefen farcen da aka ɓare, wurin ya kumbura ya tara mugunya, irin abin da ya sami ɗan Yaya. Dattin ƙarƙashin farce yana tafiya ciki kai tsaye. Akwai wasu 'yan ƙananan tsutsotsi farare masu sa yara ƙaiƙayin dubura da dare, ƙwansu yana maƙalewa a farce in yaro ya sosa, ya mayar baki, cutar ta yi ta zagayowa ko an sha magani. Haƙoran gaba suna iya gutsurewa ko su lalace, dasashi ma yana jin rauni.

Hanyar da aka fi samun nasara da ita wasu masana biyu ne a Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka fito da ita a 1973. Ana iya kiran ta horon juya ɗabi'a. Ba ta da wani sirri. Da farko mutum ya koyi kama kansa: yaushe nake yi, a ina, me nake ji kafin hannu ya tashi. Sai ya sami wani abu da zai yi da hannun wanda ba zai yiwu a haɗa shi da cin farce ba, kamar dunƙule hannu ko riƙe wani abu gam na kamar minti ɗaya, har sha'awar ta lafa. Sannan a sami wani na kusa da zai riƙa tunatarwa cikin mutunci, yana yabawa in an yi ƙoƙari.

Na ce kafin in ba Yaya shawara bari in gwada a kaina. Mako guda ina rubutawa a bayan littafin lakca duk lokacin da na kama kaina. Abin ya ba ni mamaki. Ni da nake zaton sai ina cikin tashin hankali nake yi, sai na ga ya fi yawa a laburare in na kai sakin layin da na karanta sau uku ban gane ba, da lokacin da nake zaune a ƙofar ofishin mai duba aikina ina jira, da kallon ƙwallo. In ina hira da mutane kusan ba na yi. Na kuma gane yadda yake farawa: babban yatsa ne yake fara shafa gefen sauran yana neman inda ya yi kaushi, in ya samu, shi ke nan.

Sai na sayi abin yanke farce mai haɗe da magogi, duk Juma'a kafin masallaci in gyara in goge kaushin, in shafa man shafawa. Dama yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, har an so kada a bar shi ya wuce kwana 40, ka ga na haɗa riba biyu. Carbi ya koma hannuna na hagu duk lokacin karatu. Yatsu biyun da suka fi shan wuya na naɗe su da filasta. Abokin ɗakina kuma muka yi yarjejeniya, in ya gan ni ba zai yi magana ba, tebur kawai zai ƙwanƙwasa sau biyu.

Bayan haka na kira Yaya na faɗa mata gaskiya: ban taɓa dainawa ba, ɓoyewa na koya. Ta yi shiru, can ta ce, "Duk shekarun nan?" Na ce duk shekarun nan. Na roƙe ta abu uku. A kai yaron asibiti a duba yatsan, kada a matse shi a gida ko a huda da allura. A daina barkono da duka, ta lallaɓi babansa. Sannan ta ba ni shi mu yi magana ta bidiyo.

Da ya zo kansa a sunkuye, yana zaton wani faɗan ne. Na ɗaga hannuna na kusantar da kyamara. Ya zuba ido, sai ya ce, "Kawu, kai ma ana dukan ka?" Na yi dariya, amma idona ya ciko. Na ce an yi da, bai hana ba. A hankali na tambaye shi yaushe ya fi yi. Ya ce lokacin lissafi. A sabuwar makarantar sun wuce inda aka tsaya a tsohuwar, in an kira shi allo ya kasa sai 'yan aji su yi dariya. Wata uku yaron nan yana ɗauke da wannan, ba wanda ya tambaye shi, hannunsa kawai ake kallo.

Yanzu an yi magana da malamin ajin, ana kuma yi masa bitar lissafi da yamma. Yatsan ya warke bayan an ba shi magani. Ni da shi muka ƙulla gasa: yatsa ɗaya-ɗaya za mu riƙa ceto, mun fara da ɗan ƙaramin. Duk Juma'a yana turo mini hoton hannunsa ta wayar mamarsa, ni ma in tura nawa. Wanda ya yi mako bai taɓa yatsan da aka ware ba, yana da tukuici. Ya riga ya ci ni sau biyu.

Wani zai tambaya batun maganin ɗaci da ake shafawa a farce, wanda ake sayarwa a wasu kantunan magani. Yana taimaka wa wasu, amma a matsayin tunatarwa, kuma in yaron ya yarda da kansa. In aka shafa masa da ƙarfi a matsayin horo, barkonon Umma ne aka sake wa kwalba. Ga 'yan mata kuma, wata 'yar ajinmu ta ce lalle ne ya taimake ta, don ba ta son ɓata adon.

Akwai lokacin da ya kamata a wuce dabarun gida a ga likita: in yatsa ya kumbura, ya yi ja, yana zafi ko ruwa, in jini yana fita a kai a kai, in yaron yana haɗawa da tsigar gashi ko ɓantarar fata, in barcinsa ko karatunsa ya lalace, ko ya cika tsoro, ko in ba ya iya tsayar da hankali wuri guda sam, domin ana samun cin farce da yawa a yara masu matsalar da ake kira ADHD. Mu kuma manya da ke makaranta, jami'o'i da yawa suna da sashen ba ɗalibai shawara, mu ne dai ba ma zuwa, muna ganin abin kunya ne.

Ba zan ce muku na warke ba. Yau mako biyar, yatsu bakwai sun fara fitar da farin baki, abin da rabona da gani tun ina yaro. Makon jiya da aka dawo mini da babi na biyu ya sha jan biro, babban yatsa ya ji a jikinsa. Na rubuta a littafin, na ci gaba. Farcen hannu kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, sai ya ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya, don haka ba aikin gaggawa ba ne.

Da yawanmu mu ne 'yan boko na gida, mu ake kira in wani abu ya taso wa ƙanne da 'ya'yan yayye. In an kawo muku ƙarar yaro mai cin farce, don Allah kafin a ɗauko barkono a zaunar da shi a tambaye shi yaushe yake yi, me ke damun sa a lokacin. Ku kuma 'yan Sabo, in mun haɗu ranar Asabar kuka ga na ce a ba ni cokali, ku bar ni tukuna, saura yatsu uku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.