Zuwa Ga Ladi, Kan Karatun Manzo Bulus

Kanya Babba

'Yata Ladi,

An gama yankan gero, Innarki tana gaishe ki. Bayan haka, kin ce an ba ki aikin rubutu kan Manzo Bulus, kuma Romawa sura 13 ta tsaya miki a rai, inda ya ce a yi wa masu mulki biyayya. To, ki fara sanin lokacin da ya faɗi maganar, da mutanen da ya faɗa wa.

Wajen shekara ta 57 ya rubuta wasiƙar, yana Koranti, Niro yana kan gadon sarautar Roma. Masu bi a birnin Roma 'yan tsiraru ne marasa gata, kuma ba a daɗe da korar Yahudawa daga can ba, zamanin Kalaudiyas. Mai ƙaunar irin waɗannan mutane ba zai tura su rigima da mai karɓar haraji ba.

Sai ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 16, ki gan shi a Filibi. An tuɓe shi da Sila a bainar jama'a, aka yi musu dukan tsiya ba shari'a, aka sa ƙafafunsu a turu. Gari na wayewa mahukunta suka aiko a sallame su shiru. Bulus ya ƙi motsawa: shi ɗan ƙasar Roma ne, doka ta hana a yi masa haka, sai dai su zo da ƙafarsu su fitar da shi. Suka zo kuwa, suna ba da haƙuri. Mutumin da ya rubuta sura 13 ke nan, ya san hakkinsa sarai.

Wasiƙarsa ga Filimon ce ke hana ni sukuni. Ya mayar da bawa, Unisimas, wurin ubangijinsa Filimon, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, amma bai ce a daina bauta ba. Kada ki yi saurin wanke shi, 'yata, kada kuma ki yi saurin yanke masa hukunci. A Arewarmu sai 1936 doka ta soke bauta ɗungum, kakarki ma ta zauna da waɗanda aka haifa cikinta. Ki rubuta abin da ya nema daga Filimon, da abin da ya yi shiru a kai, dukansu biyu, ko da malaminki ya fi son ɗaya.

In kin gama, ki aiko mini in karanta kafin ki miƙa. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba