Baƙin mai na tsohuwar tarakta

Malam Isa manomin auduga ne a Kandi. Yana da tsohuwar tarakta, Massey Ferguson 135. Tun 1964 aka fara ƙera irinta.

Kafin damina, ya zo Kwatano sayen baƙin mai. Ya sauka a Sainte-Rita, wurin ƙanensa Garba, bakanike.

A bakin hanya ya ga mai cikin kwalabe, ga araha. Garba ya ce: "Yaya, kada ka saya. Ba mu san abin da ke ciki ba. Araha ba ta ado."

Garba ya ɗauko galan rufaffe na injin gazuwal. An rubuta 15W-40 a jikinsa. Ya ce: "Lambar 40 tana nuna kaurin man idan inji ya yi zafi. Ƙarafan tsohon inji sun riga sun cinye. Idan mai ya tsinke, sai su gogi juna, injin ya ƙone, gona ta rasa huɗa."

Malam Isa ya sayi galan biyu da sabuwar filta.

Tambaya: Me lambar 40 take nunawa?