Ƙafar amalanke da gangar babana

Ni makaɗi ne, daga ƙasar Dogo-Dogo. Da can muna ƙarƙashin Magarya. Tun shekarar 2011 muka koma ƙarƙashin Dungas, cikin jihar Damagaram. Kiɗan noma na gada wurin babana. Da zai rasu bai bar mini shanu ba, ganga ya bar mini.

Ka san gangar noma. Babba ce, ga nauyi. In gayya na kusa, rataya ta nake yi. In da nisa, sai amalanke. To, yau labarin ƙafar amalanke zan ba ka, don ta taɓa sa ni kuka.

Wata damina tayata ɗaya ta mutu. Na tafi kasuwa. Na iske taya biyu wurin wani mai saidawa, ɗaya mai tsada, ɗaya mai araha. Mai arahar baƙa wuluk, tana ƙyalli. Ashe mai aka shafa mata. Lokacin ban iya karatu ba. Na ga rubutu a jikinta, amma ni da shi sai kallo. Na biya, na taho ina murna na yi riba.

Ba a yi sati biyu ba, wani sarkin noma ya aiko. Ya kira gayya, yana son kiɗa. Da asuba na ɗaura wa jaki amalanke, na aza ganga, ban ko ɗaure ta ba. Muna cikin tafiya, rana ta fara zafi, sai na ji fam! Taya ta fashe. Jaki ya firgita, ya zabura. Ganga ta gangaro ta bugi kututture. Na ɗaga ta, na ga kango ya tsage tun daga baki har ciki.

Na isa gona da azahar, a ƙasa, ba ganga. Samari sun yi noma shiru kamar ana zaman makoki. Sarkin noma bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi: «Da babanka ne, da tun hantsi yana nan.» Wallahi gara ya mare ni. Masassaƙi ya gyara kangon, amma muryar ganga ba ta koma kamar da ba. Hausawa sun yi gaskiya, araha ba ta ado.

Daga nan na shiga tambaya. Na zauna da mai faci, na zauna da mai walda. Ga abin da na koya, ka riƙe.

Na farko, faɗi. Ƙasarmu rairayi ce. Siririyar ƙafa, irin ta keke, nitsewa take yi, dabba ta wahala. Ƙafa mai faɗi, irin ta mota, bisa rairayi take tafiya. Dubi tafin raƙumi, za ka gane.

Na biyu, iska. Ƙafar ƙarfe ba ta faci, gaskiya ne. Amma duk ramin da ta faɗa, kayanka ne ke shan bugu. Iskar da ke cikin taya ita ke shanye girgiza. Kada ka cika ta ta yi tauri kamar dutse, kada kuma ka bar ta lakwab. In ta yi laushi da yawa, gefenta ke tsagewa.

Na uku, jikin taya. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Danna gefenta da hannu, ka duba da kyau. In ka ga ƙananan tsaga kamar faso, ta tsufa. In ka ga kumburi, zaren ciki ya tsinke. Duba cikinta kuma, ka ƙirga faci. Taya mai kauri ita ke jure ƙayar aduwa.

Na huɗu, boris. Ɗaga amalanke, ka juya ƙafa. In tana gurnani, ko tana kaɗawa hagu da dama, boris ya ci. Rairayi ne abokin gabansa. A wanke shi, a sa masa giris, musamman kafin damina.

Na biyar, shi ne wanda ya fi yi mini daɗi. Bayan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, na gane taya ma tana da takardar haifuwa. Nemi baƙaƙe uku a gefenta: DOT. Bi layin har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta shi haka. In lamba uku ka gani, ta girmi 2000, bar musu abarsu. Masu yin taya da kansu suna cewa in ta kai shekara 10 a canza ta. Akwai kuma wata lamba bayan baƙin R, kamar R14 ko R15. Wannan girman ƙarfen da taya ke zama a kai ne. Ƙafafun amalanke biyu su zama girma ɗaya, in ba haka ba amalanke zai karkace.

Kada ka ce mu kaɗai ke da wannan damuwa. A ƙasashen Turai akwai wani ƙaton goge mai tsarkiya huɗu, tsawonsa ya kai na mutum. A tsaye ake kaɗa shi. Masu shi sukan sa masa ƙafa guda a gindi, su tura shi bisa titi. Su ma gardamarsu ke nan: mai iska ko marar iska? Mai iska na tsare kaya, marar iska ba ta faci. Ka ga, makaɗi ko'ina makaɗi ne.

Yanzu in zan tafi gayya, nakan shimfiɗa buhu da tabarma, in aza ganga, in ɗaure ta da igiya. Ina tafe da famfo. In na dawo, amalanke inuwa yake kwana, don rana na cin roba.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka da ganga. Amma kana ɗaukar hatsi, kana ɗaukar ruwa. Wata rana mai naƙuda za ka ɗauka zuwa likita cikin dare. Ran nan ba ranar neman mai faci ba ce.

In an tashi daga karatu yau, je wurin amalankenka, ko na maƙwabcinka. Durƙusa, ka share ƙura, ka nemi lambar nan huɗu. Gobe ka zo ka gaya wa malam shekarar tayarka.