Wuta-wuta a Gonakin Wake, Daga Kudan Zuwa Ikara

Wanda ya tashi daga Kudan a watan Satumba, ya ratsa Makarfi har Ikara, rake da masara ne za su fara cika masa ido. Mu kuwa wake muka tsaya dubawa, gama a gonaki da dama mun tarar ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya, alhali ruwa bai ɗauke ba.

Da muka sunkuya sai ga ɓarawon a gindinsa. Iri biyu ne. Ɗaya gajere ne mai rassa tsaye, ganyensa ƙanana ƙwarai, furensa ruwan shunayya. Shi ne wuta-wutan wake. Ɗayan mai furen rawaya ne, masana suna ce da shi Alektira, yakan kama gyaɗa da waken suya ma. Kada mai karatu ya haɗa su da wanda yake cin dawa da masara, wannan ba ruwansa da wake.

Al'amarinsa da ban mamaki. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, tushe ɗaya yakan zubar da dubbai, su kwanta cikin ƙasa shekara 10 ko fiye. Ba za su tsiro ba sai saiwar wake ta zo kusa, ta fitar da wani ruwa da yake tashe su. Sa'an nan tsiron ya manne wa saiwar, yana shan ruwa da abincin waken. Kafin manomi ya ga fure a sama, an riga an yi ɓarna mai yawa a ƙasa. Shi ya sa noma da fartanya kaɗai ba ya fid da gona. Muka haƙa wani tushe kusa da Makarfi, muka ga saiwar waken ta kumbura daidai inda ya kama.

A ganinmu kuskuren da ya fi yawa shi ne a tuge shi bayan ya yi iri, a yar a kan kunya. Wannan ai shuka ce. A tuge shi tun bai yi fure ba, a tara a ƙone. A zuba taki, gama ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji.

Akwai kuma irin wake da ba ya kamuwa da sauƙi. A 2008 aka fitar da SAMPEA 10, aikin masu binciken IITA da na Samaru, Zariya. Daga Makarfi zuwa Samaru ba nisa, manomi yana iya zuwa ya tambaya ya komo gida a yini ɗaya.